Kwaɗon da Bashari Ya Kawo Daga Iraƙi

Shekara goma ke nan cif, a wannan watan, da muka kai ƙanena Bashari makwancinsa a nan Maryland. A al'ada irin wannan rubutu da addu'a ake cika shi, a ce mamaci mutumin kirki ne mai zumunci, a shafa a tashi. Addu'a kam ba na fashin yi masa, Allah Ya ji ƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Amma yau da ɓacin rai na ɗauki biro, kuma ba zan yi wa kowa kara ba, har da kaina, don karar da na daɗe ina yi ita ta kawo mu inda muke.

Ga abin da ya tunzura ni. Wata biyu da suka wuce, Kawu Sale, ƙanen mahaifiyarmu, wanda shi ya yi mana hanyar zuwa ƙasar nan, ya kama zaure guda a Wheaton ya yi walima. Ɗansa ne ya gama karatun likita ya shiga soja, aka liƙa masa anini. An buga hoton yaron cikin kaki, ƙato, an jingine a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo sai ya tsaya an ɗauke shi a gefensa. Ban yi wa yaron baƙin ciki ba, ni na goya shi. Na je tare da Safiya, 'yar Bashari tilo, wadda yanzu take da shekara goma sha tara, tana jami'a. Tana layin abinci wasu mata biyu a bayanta suka soma gulma. Da yake yaranmu na nan da Turanci suke amsa gaisuwa, sai a ɗauka kurame ne a Hausa. Ɗaya ta ce wa ɗaya, "Ai 'yar wancan ce da ya je Iraƙi kashe Musulmi, Allah Ya kama shi da ciwo tun a duniya." Safiya ta ji tsaf. Ta ajiye farantin. Sai da muka hau hanyar Laurel ta juyo, da Turancinta, ta ce, "Gwaggo, mutum nawa babana ya kashe?"

Wallahi saura ƙiris in saki sitiyari. Yarinyar nan tun tasowarta abin da ta sani shi ne ubanta ya taɓa aikin kamfani a Dubai, ya dawo, ya yi jinya, ya rasu. Mu muka faɗa mata haka, ni da bakina na faɗa mata. Na ce, "Bari mu isa gida." Muka isa gida na kasa. Ta koma makaranta da tambayarta a ciki, ta daina ɗaukar wayata, ta cire hoton ubanta da ta daɗe da sawa a fuskar wayarta. Uwarta Rabi ta kira ni tana kuka, ta ce yarinya ta ce kada a sake ambatar sunansa a gabanta.

Bari in koma baya, don a san inda ƙaryar ta samo tushe. Bashari ya biyo ni ƙasar nan bayan zuwana da shekara huɗu. Ya yi gadi, ya yi dako a wani katafaren sito a nan Laurel, yana son karatu hanya ta ƙi buɗewa. Sai ya shiga soja, kamar yadda yaran baƙi da yawa suke yi. Da aka ce za a tura su Iraƙi, Safiya tana da shekara biyu, Kawu ya tara mu a falonsa a Beltsville. Ya ce, "Maganar nan ba ta fita daga ɗakin nan ba. Duk wanda ya tambaya, Dubai ya tafi, aikin kamfani. Ba zan iya shiga masallaci ana nuna ni da baki ba." Bashari ya sunkuyar da kai. Ni kuma, babbar yaya, mai bakin magana a ko'ina, na ce, "To, Kawu." Na lallashi kaina da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Ashe abin da babban ya hango bai wuce sahun gaba na masallaci ba.

Kada wani ya ɗauka yaƙin nake karewa. Ban so shi ba a lokacin, ban so shi ba yau, kuma na ga abin da ya yi wa mutanen can. Bashari ma ba ya ɓoye cewa abin yana damunsa. Amma tunda an ce ya je kisa, ya kamata a ji abin da hannunsa ya yi a shekara gudan nan, don ni ce yake kira. Lokacin da suka idar da Isha a can, ni ina hutun cin abincin rana a asibitin da nake aikin jinya. Sai in fita in zauna a mota da kwanona, ya yi ta ba ni labari har lokacina ya cika.

Saje ne a ɓangaren kaya. Aikinsa ya koya wa sojojin Iraƙi yadda ake riƙe sito: taya, batir, baƙin mai, takalmi, bargo, ruwan sha. Da asuba zai yi salla, ya saka rigar sulke da hular kwano, ya rataya bindiga don doka ce, a kai su wancan ɓangaren sansanin inda sitocin suke. Kafin hantsi kwanon rufin ya yi zafin da ba a taɓa shi da hannu. Yana tsaye cikin ƙura yana nuna wa mutane yadda ake manna suna a kowace kanta, yadda ake tuƙa motar ɗaga kaya ba tare da an take ƙafar wani ba, yadda takardar neman kaya in ta zo da safe ba ta kwana. Dokarsa ɗaya ce wadda yake maimaitawa har ta zama waƙa a bakin ɗalibansa: tsohon kaya gaba, sabo baya, abin da ya riga shigowa shi zai riga fita. Ya ce min tunda ya je bai taɓa ɗaga bindigarsa a kan ɗan Adam ba, kuma na yarda da shi, don Bashari ko ƙaryar wasa ba ya iyawa, kunnensa ne yake fara motsi.

Akwai tafinta, amma shi da Larabcinsa na Islamiyya yake kutsawa. Ya ce ranar farko da ya nemi a miƙo masa sifana da Larabcin littafi, sai da mutane suka riƙe ciki don dariya, wai kamar limamin Juma'a ne ya sauko daga mumbari yana gyaran mota. Da Azahar ta yi ya cire takalmi ya shiga sahu, suka yi ta kallon juna. Daga nan suka tambayi sunan ɗansa na fari, ya ce mace ce, Safiya. Shi ke nan sunansa ya ɓace. Daga mai shara har kanal, Abu Safiya suke kiransa. Azumi ya same shi a can, ya yi shi tare da su cikin wannan zafin, a sha ruwa da dabino da miyar wake a kan kwalin da aka shimfiɗa a ƙofar sito.

Wanda ya fi ba shi wahala wani dattijo ne, Hajji Jasim, shugaban sito, mai gashin baki da ƙugiyar makullai a ɗamara. Yana da ɗaki guda cike da tayoyi har rufi, ya garƙame da wani tsohon kwaɗo mai nauyi. A waje kuwa motoci ne jere a kan duwatsu ba taya, har da tankar da ke kai wa wasu sojoji ruwa can cikin hamada. Takarda ta zo, Jasim ya ce babu. Turawan da Bashari ke aiki da su suka yi ta ihu suna buga tebur, suna cewa ɓarawo ne. Aka bincika, ko ƙusa bai sata ba. Abin da ke akwai shi ne mutumin ya yi aiki a zamanin da in babba ya zo zagaye ya tarar da kanta wayam, mai sito ne zai sha wuya. Don haka a wurinsa cikar sito ita ce mutunci, fitar da kaya kuwa tonon asiri.

Ina tuna dariyar da Bashari ya yi a waya ranar da ya gane haka. Ya ce, "Yaya, wallahi Innarmu na tarar a Iraƙi, da gashin baki!" Nan take na gane. Mahaifiyarmu, Allah Ya ji ƙanta, tana da jeren kwanuka a ɗakinta a Zariya, samiru da tasoshi har sama, kullum ana gogewa, ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Mu kuwa a tsohon kwano mai yoyo muke cin tuwo. Da ta rasu aka sauke jeren, rabi tsatsa ta huda su ta ƙasa.

Bashari bai kai ƙarar Jasim ba. Kullum da safe sai ya je ya gaishe shi kamar uba, ya zauna a sha shayin nan nasu mai kauri a ƙananan kofuna, a yi hirar 'ya'ya. Fiye da wata guda yana wannan, shugabanninsa suna cewa ɓata lokaci yake yi. Rannan ya roƙi dattijon ya buɗe masa ɗakin, gani kawai zai yi. Ya ratsa har can ƙurya, ya mirgino taya ɗaya daga layin baya, ya fito da ita rana, ya danna gefenta da babban yatsa. Duk ta tsattsage. Sabuwa ce fil, ba ta taɓa taka ƙasa ba, amma ta mutu a ajiye. Ya kama hannun Jasim ya kai shi gaban tankar ruwan nan da ke kan duwatsu, ya ce, "Ya Hajji, wa muke ajiye wa?" Kashegari da Bashari ya zo, ya tarar da ƙofar a buɗe, ana mirgino tayoyi, Jasim na tsaye yana yi wa yaransa tsawa cewa na baya za a fara fitarwa.

Wannan shi ne kisan da Bashari ya je yi, ku matan layin abinci. Ranar da zai taho, Jasim ya ciro kwaɗon nan daga aljihu ya danƙa masa a buɗe, ya ce makullin ya jefa shi a rijiya, ɗakin ba zai sake rufuwa ba.

Ya dawo mana da tari. A bayan sansaninsu akwai wani rami da ake ƙona shara dare da rana, roba da batir da duk tarkacen da aka gaji da shi, hayaƙin kuma ta kan sitocin yake bi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san tarin mura, na san wanda ba shi ba. Ya bar soja, ya koma aikin sito a Laurel, har ta kai in ya hau matakala uku sai ya tsaya ya huta. Shekara shida muna yawon asibiti, daga baya tukunyar iskar numfashi ta zama abokiyar zamansa. Duk wannan lokacin in 'yan dubiya suka zo, sai ka ji Kawu yana cewa ƙurar Dubai ce, ba ta da kyau. Bashari yana kwance yana ji, ba ya musa wa kawunsa. Sau ɗaya tak ya ce min, "Yaya, in Safiya ta yi hankali, ki ba ta labarin Jasim." Na ce in sha Allah, kai za ka ba ta da bakinka.

Ranar jana'iza ita ce ta fi ci min rai. Sojoji biyu suka zo, mace da namiji, cikin kayan sarki, da tuta a naɗe, wadda ake ba iyalin soja in ya rasu. Matar tare suka yi aiki a Iraƙi, ta yi tuƙin awa bakwai don ta zo. Kawu ya hango su, ya aiko a ce min in tare su kafin mutane su gani. Na tare su a filin ajiye motoci, tsakanin motoci biyu, na karɓi tutar ƙanena kamar mai karɓar kayan sata. Matar ta ce tana son ta gaya wa 'yarsa kalma biyu a kan ubanta. Na ce mata yarinyar ba ta da lafiya. Safiya kuwa tana can tsaye riƙe da hannun uwarta, lafiyarta ƙalau. Na cusa tutar a but ɗin mota, daga baya na haɗa ta da kakinsa da hotunansa da kwaɗon Jasim a jakar gana-mas-go, na tura can ƙuryar ɗakin ƙasa na gidana.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, shi ya sa na fara da nawa. Amma ina tambayar jama'armu ta nan, me ya canja? Yau rabin iyayen da suke zaune a sahun gaba, alfaharinsu shi ne ɗansu yana aiki da gwamnati a Virginia, aikin da ko shi uban bai san mene ne ba. Yau kaki ya zama abin bugawa a jingine a ƙofar zaure. Ko don na ɗan Kawu da anini ya zo, na Bashari kuwa igiyar saje ce? Kakin likita halal, kakin mai sito haram? Haba jama'a! Kuma abin da ya fi ƙona min rai, ashe sirrin da muka yi ta gadi ba sirri ba ne. Kowa ya san Iraƙi ya je. Mun ɓoye gaskiyar ne kawai, muka bar wa masu gulma fili suka cika shi da abin da ransu ya so, shekara goma sha bakwai, ba wanda ya ce musu kanzil.

Nakan tambayi kaina me Bashari zai ce da ya ga walimar nan. Na san shi, ba zai yi fushi irin nawa ba. Zai rungumi yaron, ya sa masa albarka, ya ci shinkafa faranti biyu. Sai mun fito zai karkato ya ce, "Yaya, kin ga Kawu ya fitar da sabon kaya, ya bar tsoho a baya." Ya yi dariyarsa har tari ya sarƙe shi. Amma da ya ji abin da aka faɗa a kunnen 'yarsa, nan dariyar za ta tsaya, kuma ba Kawu zai kalla ba, ni zai kalla, don ni ya bar wa saƙo.

Na je wurin Kawu kafin in yi wannan rubutu, don ban iya yi wa babba kwanton ɓauna ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, zan faɗi inda Bashari ya je." Ya ce, "Abin da ya wuce ai ya wuce, Hajara. A bar mamaci ya huta." Na ce, "Mamaci ya huta, Kawu. Mai rai ce ba ta barci." Bai ce in yi ba, bai ce kada in yi ba. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Asabar ɗin da ta wuce na tuƙa mota har makarantar Safiya, na ce ko ta fito ko in kwana a ƙofar ɗakinta. Na kawo ta gida, na jawo jakar nan daga ɗakin ƙasa a gabanta. Abin da na gani ya sa ni kuka. Laima ta shiga. Kakin ya yi fumfuna, hotunan sun manne da juna, da muka yi ƙoƙarin raba su fuskoki suka biyo takarda. Mutumin da ya ƙetare duniya ya koya wa wani cewa kaya suna mutuwa a ajiye, ga abin da yayarsa ta yi da nasa kayan. Hoto uku kacal suka tsira. A ɗaya yana tsaye a ƙofar sito, wani dattijo mai gashin baki ya dafa kafaɗarsa, a bayan hoton an yi rubutu da Larabci. Na karanta mata. Na ce, "Kin ga wannan kalmar ta biyu? Sunanki ne. A can ba wanda ya san shi da Bashari, da sunanki ake kiransa."

Na ba ta labarin tun daga falon Kawu har filin ajiye motoci, ban rage nawa laifin ba. Ba ta yafe min a ranar ba, ban kuma nemi ta yi gaggawa ba. Ta ce min abin da ya fi mata ciwo shi ne matar nan da na kora, don ta tuna ta, ta tuna wata soja tana kallonta daga nesa tana share ido. Yanzu muna neman matar, ko Allah zai sa a same ta, ta faɗi kalma biyun da na hana ta.

Me ya rage na Bashari bayan shekara goma? Bai bar gida ba, bai bar suna a bango ba. Ban san ko Hajji Jasim yana raye ba, ban san ko sitocin nan suna tsaye ba bayan duk abin da ya sake faɗa wa ƙasar. Na san dai akwai wasu 'ya'yan mutane da suka sha ruwa a hamada saboda ƙanena ya yi haƙurin shan shayi da wani tsoho. Ya bar 'ya, ya bar tuta mai ɗan tabon laima wadda yanzu take falon Rabi inda duk mai shigowa zai gani, ya tambaya, a ba shi amsa. Duk wanda ya karanta wannan a Wheaton ko Laurel ko Beltsville, ya sani Bashari bai taɓa taka Dubai ba. Iraƙi ya je, saje ne, sito ya koyar.

Da za ta koma makaranta, Safiya ta ɗauki kwaɗon nan tana jujjuya shi, tsatsa ta ɓata mata hannu. Ta ce, da Hausarta mai ɗingishi wadda rabon da in ji ta tun tana ƙarama, "Gwaggo, zan tafi da na babana." Na ga yatsanta ya hau kan bakin kwaɗon, na yi wuf na riƙe hannunta. Na ce, "Tafi da shi, naki ne. Amma kada ki danna. In ya rufe, ba mu da makullin."